Dogon da Ya Tsaya Kafin Iyaka

'Yan uwa mata, da mazajenmu da 'ya'yanmu masu karanta wannan mujalla tare da mu, barkanmu da sake ganin zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu. Bisa al'ada, shafin tarihi na wannan fitowa mukan cika shi ne da labarin yadda muka faro: adashen da ya girma ya zama ƙungiyar gama kai, da injin matsar man gyaɗa na farko da muka saya, da tunawa da iyayenmu mata da suka riga mu gidan gaskiya. Bana kwamitin mujalla ya ce mu ƙara matsawa baya, mu kawo tarihin wani abu da ya girmi ƙungiyar, ya girmi iyayenmu, amma kuma yana da hannu a cikin kowace kwalbar man da muke sayarwa. Wato jirgin ƙasa.

Abin da ya jawo wannan magana tafiya biyu ce da muka yi a dogon hutun makaranta. Ta farko, mun cika mota da yara muka tafi Jos ganin gidan tarihi. Ta biyu, kaɗan daga cikinmu suka tafi zumunci Maraɗi, suka bi ta hanyar da ake shimfiɗa sabon dogo. A duka biyun muna tare da mutum biyu da son jirgin ƙasa ya shiga jininsu: mahaifin ma'ajiyarmu, wanda duk muke kira Baba, tsohon ma'aikacin reluwe da ya fara aiki yana zuba wa jirgi kwal, da kuma jikan sakatariyarmu, yaro ɗan sakandare da wayarsa ba ta da komai sai hotunan jirage. Tsakanin tsohon nan da yaron nan, mun ji abin da ba mu taɓa ji ba. Da muka dawo muka bincika, muka haɗa da abin da iyayenmu suka sha gaya mana. Ga abin da muka samu.

A gidan tarihi na Jos

Gidan tarihin Jos an buɗe shi a 1952, ƙarƙashin wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg. Yawancin masu zuwa sukan zo ne don ganin kawunan yumɓu na Nok, da ɗakin tukwane, da wurin da aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Mu ma mun ga duk waɗannan. Amma inda muka daɗe shi ne wajen tsofaffin kawunan jirgi da taragai da aka ajiye a harabar.

Abin da ya fara ba yara dariya shi ne ƙanƙantarsu. Wata yarinya ta ce, "Baba, wannan ai jirgin wasa ne." Baba ya ce, "Jirgin wasa? Wannan da kike gani shi ya riƙa hawa dutsen nan da kaya tun kakan kakanki yana saurayi." Sai ya sa jikan sakatariya ya auna tsakanin ƙarfe da ƙarfe da tafin hannunsa. Faɗin dogon ƙafa 2 ne da inci 6, alhali dogon da muka sani a tashar Kano ƙafa 3 ne da inci 6. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

Wannan ƙaramin dogo daga Zariya ya taso. An buɗe shi kashi-kashi tsakanin 1912 da 1914, har ya kai Jos da Bukur. Turawa suna kiransa ƙaramin dogon Bauchi, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba; sunan lardi ne ya bi, domin a lokacin tudun Jos yana cikin lardin Bauchi. Kuma ba don fasinja aka gina shi ba, don kuza aka yi. Kafin zuwansa, 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka, su yi kwana da kwanaki a ƙafa har Loko, bakin kogin Binuwai, inda ake zuba ta a jirgin ruwa. A 1927 babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan, kuza ta samu hanya mafi sauƙi zuwa Fatakwal. Daga nan ƙaramin ya fara ja da baya, har aka rufe shi a 1957.

Baba ya ce ya taɓa hawansa yana yaro, tare da mahaifinsa. Ya ce idan ya zo hawan tudu, nishi yake kamar tsoho, samari su dira su bi shi a ƙafa suna hira, sai ya kai kan tudu su sake ɗarewa. Daga nan ya shiga nuna mana yadda kan jirgi yake aiki, yana shafa ƙarfen kamar mai shafa doki. Nan ake zuba kwal, wanda ake haƙowa daga Inugu. Wutar tana dafa ruwan da ke cikin wannan doguwar tukunya. Tururin da ya taru shi ke tura sandan ƙarfe gaba da baya, sandan kuma ya juya ƙafafu. Sai ya faɗi maganar da ta sa muka kalli juna. Ya ce, "'Ya'yana, jirgin kwal ba ya tafiya sai da ruwa. Duk 'yar tafiya sai ya tsaya ya sha. To, tsayuwar nan da yake yi shan ruwa, ita ta ciyar da iyayenku." Domin muddin jirgi na tsaye ƙarƙashin tanki, fasinjoji na leƙowa ta taga, masu abinci kuma na bin taragai.

Ba mu bar wurin ba sai da ya tuna mana da waɗanda ba a rubuta sunansu a jikin ƙarfe ba. Yawancin aikin sare daji da tara ƙasa da fasa dutse na dogon Arewa, talakawa ne suka yi shi, waɗanda aka ɗebo daga ƙauyuka ta hannun sarakuna da hakimai, da son ransu ko babu. Haka aka sake yi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kwaso mutane zuwa haƙar kuza a sanyin Jos, da yawa ba su koma gida ba. Tsofaffi suna kiran wannan ɗiban gwamna. Duk mijin da aka ɗiba, akwai matar da aka bari da gona da yara.

Yadda dogo ya iso Kano

A Kudu aka fara. Dogon Legas ya isa Ibadan a 1901. A Arewa kuwa, gwamnatin Turawa ta fi son nata dogon, wanda zai taso daga Baro a bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa ke iya zuwa idan ruwa ya cika. An amince da aikin a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne. A 1911 ƙarfe ya iso Kano, shekara takwas kacal bayan Turawa sun ci garin. Dogon Legas ya zo ya haɗu da na Baro a Minna, a 1912 aka haɗe su suka zama abu ɗaya. Duk da haka sai da aka yi 'yan shekaru ana tsallakar da taragai a kan jirgin ruwa a Jebba kafin a gama gada.

Abin da Turawa suka sa rai da shi auduga ce, don masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano kuwa suka yi nasu lissafi. Auduga tana da masu saye a gida, masaƙa da marina, kuma suna biya da daraja. Gyaɗa kuma tana son jigawa, ana shuka ta tare da gero da dawa, in kasuwa ta faɗi a ci ta a gida, harawarta kuma ta dabbobi ce. A daidai lokacin masana'antun Turai suna neman mai ido rufe. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu da isowar jirgi, gyaɗa ta cika tashar Kano har aka rasa taragan ɗauka.

Kada wani ya ɗauka jirgi ne ya koya wa Bahaushe fatauci. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Fataken goro sun daɗe suna kai ayari Gwanja da jakai, su yi wata da watanni a hanya. Su ne suka san ƙauyuka, suka san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba, saboda haka su ne suka zama masu sayen gyaɗa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Da goro ya fara kafin gyaɗa. Goron ma ya canja hanya. Maimakon jakai, sai ya riƙa zuwa ta Legas, daga baya kuma daga gonakin ƙasar Yarbawa, ya hau jirgi zuwa Arewa, shanu kuma su hau su gangara Kudu. Unguwannin Hausawa irin su Sabon Ibadan da na Shagamu da Agege a kan wannan ciniki suka bunƙasa.

Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita a hoto, ita ma tana da bayani. Ba don ado aka jera buhunan ba. Gyaɗar ce ta fi ƙarfin jirgi, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu da kawunan jirgi suka tsufa, taragai suka yi kaɗan. Sai a jera dubban buhuna a lulluɓe da tamfal, suna jiran layi. Wato kowace dala alama ce ta arziki, kuma alama ce ta jira.

To, ina mata a cikin labarin?

Duk inda aka rubuta tarihin dogo, za ku ga sunan gwamna da injiniya da kamfani da attajiri. Ba za ku ga sunan mace ba. Amma mu mun san inda take, domin a gidajenmu take.

Kafin gyaɗa ta shiga buhu sai an tsinke ta, an shanya, an ɓare, an sheƙe. Kafin zuwan injin ɓarar gyaɗa, a turmi ake yi, kuma mun san masu riƙe taɓarya. Wadda ba ta hau jirgi ba kuwa, ita ce jarin mata. A soya, a murje, a daka, a matse mai, tunkuzar a murza a yi ƙuli-ƙuli. Matar aure tana cikin gida, ba ta taɓa taka kasuwa ba, amma manta yana cikin miyar rabin unguwa, ƙuli-ƙulinta kuma masu tsire na jira. Da wannan kuɗi ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da shi ake biki, da shi ake zubin adashe. Adashen da ya haifi ƙungiyarmu jikan wancan ne.

Sai kuma tasha. Duk garin da jirgi ke tsayawa, kasuwa ta tsiro a gefen dogo. Fura da nono, dafaffen ƙwai, ƙosai, waina, rake, gyaɗa soyayya, ruwan sha a tulu. Wasu daga cikin dattijan ƙungiyarmu sun yi wannan talla da kansu suna yara. Ɗaya ta ba mu labari a mota cewa ba agogo a gidansu, usur ɗin jirgi ne agogo. Da an ji shi daga nesa, innarta za ta ɗora mata tire a ka ta ce ta yi sauri. Ta ce gwaninta ita ce ki miƙa kaya ta taga ki karɓi kuɗi ki ba da canji kafin jirgi ya motsa, in kuwa ya motsa da kwanonki, sai dai ki bi shi da gudu kina kuka. Mun yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ban taɓa shiga aji ba saboda jirgin nan. Shi ya ciyar da mu, shi kuma ya hana ni karatu." Mun ga ya dace mu rubuta wannan ma, don kada mu yi wa tarihi kwalliya.

Akwai kuma matan ma'aikatan reluwe, waɗanda canjin aiki ya yi ta yawo da su daga Zariya zuwa Minna, zuwa Kafanchan, zuwa Offa. A barikin reluwe Bahaushiya ta zauna ɗaki kusa da ɗaki da Bayarbiya da 'yar ƙabilar Ibo da Banufiya, aka koyi girkin juna, aka yi wa juna wankan jego. Marigayiya matar Baba, in ji ma'ajiyarmu, yare huɗu take ji, kuma duk a bakin famfon bariki ta koya.

Me ya sa ya tsaya kafin iyaka?

A hanyar dawowa daga Jos ne jikan sakatariya ya miƙo wayarsa, ya nuna mana jirgin da ya riƙa tashi daga Abijan a Kodebuwa zuwa Wagadugu a Burkina Faso, tafiyar fiye da kilomita 1,100. Sai wata daga cikinmu da ta yi zaman aure a Abijan ta ce ai ta hau shi. Ta ce kana zaune a kujerarka za a zo iyaka, ma'aikata su shigo su duba takardu, jirgi ya ci gaba, kayanka na nan inda ka ajiye su. Ba saukewa, ba sake lodi. Yara suka ce, to mu me ya sa namu ba ya zuwa Nijar, alhali ga dangi can?

Amsar tana cikin taswira. A 1929 dogo ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda. A 1930 wani ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori ya tsaya a Nguru. Daga baya aka ja wani daga kusa da Jos, ya shiga Bauchi a 1961, ya kai Maiduguri a 1964. Dukkansu sun doshi iyaka, babu wanda ya tsallaka. Dalili kuwa, ba don sada zumunci aka shimfiɗa su ba. An yi su ne don su kwaso gyaɗa da auduga da fata da kuza su kai bakin teku. Inda kaya suka ƙare ko inda mulkin Ingila ya ƙare, nan dogo ya ƙare.

A ɗaya ɓangaren, Faransa na nata lissafi. Da farko gyaɗar Maraɗi da Damagaram a kan raƙuma da jakai da motoci take zuwa ta hau jirgin Nijeriya, domin ita ce hanya mafi kusa da teku. A shekarun 1950 sai Faransawa suka tsara a riƙa juya wani kaso nata ta Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yau: mota ta kai ta Paraku, jirgi ya kai ta Kwatano, ko da hanyar ta fi nisa, don kuɗin ya tsaya a hannunsu. Dogon Kwatano ɗin a Paraku ya tsaya tun 1936, kuma ko da hukumar da ta riƙe shi daga baya ta haɗin gwiwar Benin da Nijar ce, bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Na Abijan ma sunansa na farko Abijan-Nijar. Ya isa Wagadugu a 1954, bai kai Yamai ba. Kun ga ƙaramin dogon Bauchi ba shi kaɗai ba ne ya amsa sunan inda bai je ba.

Yanzu mu koma kan aunin da yaron nan ya yi a Jos. Dogon da Ingila ta shimfiɗa mana ƙafa 3 ne da inci 6, wato milimita 1,067. Na Faransa mita 1 ne cif, milimita 1,000. Bambancin bai kai faɗin tafin hannu ba, amma ya isa ya hana jirgin wannan hawa dogon wancan. Ko da a ce an ja su sun haɗu a iyaka, dole a sauke kaya a sake lodi. Baba ya ce, "Iyaka biyu suka bar mana, ta takarda da ta ƙarfe." Nijar ta samu 'yanci a 1960 ba ta da dogo. Sai tsakanin 2014 da 2016 aka shimfiɗa wajen kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, shi ma mai faɗin mita 1, kuma bai shiga aikin jigila ba.

Lokacin da usur ya yi shiru

Sauran labarin da yawanmu mun gani da idonmu. Fari ya zo a farkon shekarun 1970. A 1975 wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa, ta tsumbure ta ƙi 'ya'ya. Kuɗin man fetur ya shigo, hankalin gwamnati ya bar gona. Aka gina tituna, manyan motoci suka ƙwace kaya. Jirgin dizal kuma, wanda ya fara shigowa tun tsakiyar shekarun 1950, ba ya buƙatar tsayawa shan ruwa kamar na kwal. Dala ta ɓace, jirgi ya koma zuwa jefi-jefi, wasu tashoshin ciyawa ta cinye su. Matan da abincinsu ke bakin taga suka koma tashar mota, waɗanda suka iya. Waɗanda ba su iya ba, jarinsu ya karye. Babu wanda ya kira taro ya tambaye su lokacin da aka kawo jirgin, babu kuma wanda ya sanar da su lokacin da ya daina zuwa.

Hanyar Maraɗi

Masu tafiya Maraɗi da gangan suka ƙi bin hanyar Bichi, suka bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya. Nan ne hanyar sabon dogo, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Tsawonsa daga Kano zuwa Maraɗi kilomita 284, da reshe zuwa Dutse. Faɗinsa milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. Wato ya bambanta da tsohon namu, ya kuma bambanta da na Doso.

Sun ga tudun ƙasa da aka tara ya miƙe ya ratsa gonaki, sun ga gadoji da manyan motocin aiki. Baba ya sa aka tsaya a gefen hanya, ya fita da sandarsa ya daɗe yana kallo. Jikan sakatariya ya ce, "Baba, yaushe jirgin zai wuce?" Ya ce, "Kai dai za ka gani. Ni in na gani, riba ce." Ba su ga jirgi mai tsallaka iyaka ba, domin har lokacin da muke wannan rubutu aikin bai kammala ba. Abin da suka gani a iyaka shi ne abin da muka saba: sauka, hawa, jira, shinge bayan shinge, da canjin naira zuwa sefa.

Ga mu Hausawa wannan hanya ba baƙuwa ba ce. Sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi, shi ya sa har gobe sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa. Babu unguwa a cikinmu da ba ta da goggo ko suruka a can. Kuma mun ɗanɗana abin da rufe iyaka ke yi: daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Masu sayen wake da dabino da zoɓo a cikinmu ba su manta ba. Dogo kaɗai ba zai hana a rufe iyaka ba, kuma harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris 2022 ya nuna mana cewa sai da tsaro ake jin daɗin jirgi. Saboda haka ba mu ce a yi guɗa tun yanzu ba. Amma in ya tabbata, shi ne karon farko da dogo zai tashi daga Kano ya nufi arewa ya tsallaka, maimakon ya kwashi kaya ya gangara teku.

Abin da ya rage gare mu

Sabbin tashoshin nan ba irin na da ba ne. Waɗanda suka hau jirgin Kaduna sun gani: akwai katanga, akwai ƙofa, tagogi a rufe suke, babu mai bin tarago da tire. Wanda zai yi ciniki a irin wannan wuri sai mai shago, mai shago kuma sai mai takarda da jari da kaya a cikin mazubi mai kyau. Idan muka zauna, za a raba wuraren muna ji muna gani, mu koma bakin titi kamar yadda iyayenmu suka koma. Su ba su da ƙungiya mai rajista. Mu muna da ita.

Don haka kwamiti zai kawo abu uku gaban babban taro mai zuwa, kuma muna so kowace ta zo da ra'ayinta, ta shawarci maigidanta da manyan 'ya'yanta. Na farko, a ware wani kaso na ribar bana a ajiye shi daban, don neman shago ko wurin ajiyar kaya kusa da tasha idan lokaci ya yi. Na biyu, a gyara takardun ƙungiya duka, a kuma nemi rajistar man gyaɗarmu da ƙuli-ƙulinmu a hukumar da ke kula da ingancin abinci, domin kayan da ba su da lamba ba sa shiga babban shago, balle su tsallaka iyaka. Na uku, a ƙulla zumunci da ƙungiyoyin mata irin tamu a Katsina da Maraɗi tun yanzu, mu san abin da suke da shi, su san namu. Tun ran gini ake zane. Sharaɗi ɗaya muka ɗora wa kanmu: duk cinikin da za mu yi a tasha, manya za su yi shi. 'Ya'yanmu mata suna aji.

Sai roƙo na ƙarshe. Kawunan jirgin Jos sun samu mai ajiye su, labarin iyayenmu mata bai samu ba. Duk wadda ke da tsohon tikiti, ko hoton bariki, ko katin aikin mahaifinta, ko kuma tsohuwa a gida da ta yi tallar tasha, ta sanar da sakatariya. Jikanta ya ɗauki alkawarin zai zo da wayarsa ya naɗi maganar, ya ɗauki hoton kayan, ya mayar wa mai su a ranar. Baba ya ce a fara da shi, ranar Asabar bayan la'asar, kuma a zo masa da ƙuli-ƙuli mai taushi, don haƙora sun yi ritaya tun kafin shi.